Darasi na Tara: Glomeremus, Gyaren da Ke Ɗinka Ɗakinsa, da Matsayinsa a Dangin Ƙwari

Manufar darasi

Bayan kammala wannan darasi, ana sa ran ɗalibi zai iya:
1. faɗin siffofin da suka bambanta gyare mai ɗinki da gyaren da aka saba ji da kuma fara;
2. jero matakan da masana ke bi wajen rarraba halittu, daga daula har zuwa nau'i;
3. karanta sunan kimiyya na ƙwaro, ya gane abin da kowane ɓangarensa ke nunawa;
4. bayyana dalilin da ke sa a ɗauke nau'i daga wannan jinsi a kai shi wancan.

Ƙwaron da ke wuni a cikin ganye

A dazuzzukan ƙasashe masu zafi akwai wani ƙwaro da ba kasafai ake ganinsa da rana ba, ko da kuwa yana kan reshen da mutum ya dafa. Yakan jawo gefen ganye ya haɗa da ɗaya gefen, ya ɗinke su da zaren da ke fitowa daga bakinsa, ya shige ciki ya yi lamo. Nan zai wuni. Sai dare ya yi zai fito kiwo, ya ci 'ya'yan itace, ko iri, ko ruwan zaƙin fure, ko ƙananan ƙwarin da ya fi ƙarfi. Kafin gari ya waye ya koma ɗakinsa.

Masana sun tara irin waɗannan ƙwari a dangi guda mai suna Gryllacrididae, wanda a wannan darasi za a riƙa kira gyare mai ɗinki. Nau'o'insu da aka riga aka sa wa suna sun haura 800, an kasa su cikin jinsi sama da 90. Sun fi yawa a kudu maso gabashin Asiya da Ostareliya, akwai su kuma a Afirka da Kudancin Amurka. Ba duka ne ke ɗinka ganye ba. Wasu rami suke haƙawa a cikin yashi, su shafe bangonsa da zare don kada ya rufta, su toshe bakinsa don kada zafi ya ƙafar da ruwan jikinsu. Wasu kuma a jikin itace suke fakewa. Zaren shi ne abin da ya haɗa su. Namiji da mace, babba da ɗan ƙanƙani, kowa yana fitar da shi daga maɓuɓɓugar yawunsa.

Wanda ya san gyaren da ke hana mutane barci da damina zai zaci wannan ma mawaƙi ne. Ko kusa. Gyaren gida namiji yana goga fukafukansa na gaba ɗaya a kan ɗaya don kiran mace, ita kuma ta ji shi da dodon kunnen da ke ƙwaurin ƙafarta ta gaba. Gyare mai ɗinki ba shi da abin kiɗa a fiffike, ba shi kuma da dodon kunne a ƙafa. Idan aka kama shi, ko wani abu ya kawo masa hari, sai ya goga cinyarsa ta baya da wasu 'yan ƙayoyi da ke jere a gefen cikinsa, wata ƙara mai kaushi ta tashi don ta razana maharin. Neman abokiyar barbara kuwa da bugu ake yi. Namiji zai daddaki reshe, girgizar ta bi jikin itacen har ta isa ga macen, ta ji ta ƙafafunta.

Tafin ƙafar gyare mai ɗinki gaɓa huɗu ne, masu faɗi, waɗanda ke taimaka masa ya maƙale a ganye mai santsi. Na gyaren gida gaɓa uku ne. Siraran ƙahonnin mai ɗinkin sukan ninka tsawon jikinsa sau da yawa. Muƙamuƙinsa kuwa ba na wasa ba ne. Wasu masana ƙarƙashin jagorancin Peter Rühr na Jami'ar Bon a Jamus sun auna ƙarfin cizon nau'in ƙwari 654, suka buga sakamakon a 2024. Wanda ya zo na ɗaya ɗan wannan dangi ne daga Ostareliya, Chauliogryllacris acaropenates, wanda cizonsa ya kai kusan niyuton 12, wato nauyin abin da ya ɗara kilo guda.

Akwai abubuwa biyu kuma da bincike ya gano game da ɗakin nan. A 1996 Jeffrey Lockwood da David Rentz sun nuna cewa ƙwaron yana shafa wa ɗakinsa wani sinadari mai ƙamshi na kansa, kuma da shi yake bambance nasa da na ɗan'uwansa. A 2012 wasu masana a Ostareliya, ciki har da Andrew Walker da Tara Sutherland, suka duba zaren suka ga tsarin sinadarinsa ya yi kusa da na tsutsar siliki, duk da cewa tsakanin ƙwarin biyu babu dangantaka ta kusa. Masaƙan ƙasar Hausa sun daɗe da sanin zaren da ƙwaro ke yi, domin zaren tsamiya da ake yi wa manyan riguna aiki da shi daga sheƙar wata tsutsar daji ake samunsa. Wannan tsutsa 'yar rukunin malam-buɗe-littafi ce, gyare kuwa ɗan rukunin fara ne. Sana'a ta zo ɗaya, amma gida daban. Wannan batu zai sake tasowa a gaba.

Matakan rarraba halittu

Ƙwarin da aka sa wa suna a duniya sun kai kimanin miliyan guda. Babu mai iya riƙe wannan adadi a ka, sai da tsari. Tsarin da ake bi a yau ya samo tushe daga Carl Linnaeus, masanin ƙasar Suwidin, kuma an amince cewa sunayen dabbobi na kimiyya sun fara aiki ne daga bugu na goma na littafinsa Systema Naturae, wanda ya fito a 1758. Shi ya yi amfani da aji da rukuni da jinsi da nau'i. Matakin dangi da na reshe daga baya aka ƙara su.

Tsarin kamar adireshin mutum yake: ƙasa, jiha, ƙaramar hukuma, gunduma, unguwa, gida, sannan mutumin kansa. Duk matakin da aka sauko, waɗanda ke ciki suna raguwa, kusancinsu yana ƙaruwa. Ga yadda abin yake ga ƙwaron da wannan darasi ya ɗauka misali:

Daula: Animalia, wato dukkan dabbobi.
Reshe: Arthropoda, masu ƙafafu gaɓa-gaɓa da ɓawo mai tauri a waje, irin su kunama da gizo-gizo da ƙaguwa da ƙwari.
Aji: Insecta, masu ƙafa shida da jiki kashi uku, kai da ƙirji da ciki.
Rukuni: Orthoptera, masu manyan cinyoyin baya na tsalle.
Ƙaramin rukuni: Ensifera, masu dogayen ƙahonni.
Dangi: Gryllacrididae.
Ƙaramin dangi: Gryllacridinae.
Zuriya: Ametroidini.
Jinsi: Glomeremus.
Nau'i: Glomeremus orchidophilus.

Ƙarshen suna yana nuna matakinsa. A wajen dabbobi, duk sunan da ya ƙare da idae na dangi ne, mai inae na ƙaramin dangi, mai ini kuma na zuriya. Mai karatu da ya riƙe waɗannan uku zai gane matsayin suna ko da bai taɓa ganin dabbar ba.

Rukunin Orthoptera yana da nau'i sama da 28,000, kuma ya rabu gida biyu. Gida na farko, Caelifera, shi ne na fara da babe: ƙahonninsu gajeru ne, yawancinsu da rana suke kiwo, kuma dodon kunnensu a gefen ciki yake, bayan inda ƙafar baya ta haɗu da jiki. Gida na biyu, Ensifera, shi ne na gyare da tsanya da 'yan'uwansu: ƙahonni dogaye masu gaɓoɓi fiye da 30, yawo da dare, kuma mace tana da dogon bututu a ƙarshen ciki da take dasa ƙwai da shi. Gyare mai ɗinki a gida na biyu yake. Amma ko a can ɗin, bai fi kusa da gyaren gida ba. Makusantansa su ne wasu manyan ƙwari da ake kira weta a Niyu Zilan, da wasu masu ƙaton kai da ke haƙa rami a yammacin Amurka.

Yadda ake karanta sunan kimiyya

Kowane nau'i sunansa kalma biyu ne. Ta farko sunan jinsi ce, da babban baƙi take farawa. Ta biyu ta nau'in ce shi kaɗai, da ƙaramin baƙi. Bayan su akan rubuta sunan wanda ya fara bayyana nau'in da shekarar da ya yi hakan.

Farar hamada, wadda ke tasowa tururu ta cinye gonaki daga Muritaniya da Nijar har zuwa Indiya, misali ce mai kyau. Cikakken sunanta shi ne Schistocerca gregaria (Forskål, 1775). Peter Forskål almajirin Linnaeus ne, ya rasu a Yaman a 1763, aka buga aikinsa bayan shekara goma sha biyu. Baka biyun da aka sa wa sunansa ba ado ba ne. Suna shaida wa mai karatu cewa a wani jinsi ya fara ajiye ƙwaron, daga baya aka ɗauke shi. Shi Gryllus gregarius ya kira ta, domin a wancan zamani jinsin Gryllus ya haɗa fara da gyare gaba ɗaya. Linnaeus ma har ƙoƙi-ƙoƙi ya sa a ciki. Yau Gryllus na gyaren gona ne kawai.

Akwai ƙa'idoji na duniya da ke kula da sunayen dabbobi. Biyu daga ciki sun isa a riƙe. Ta farko, idan mutum biyu suka sa wa nau'i ɗaya suna daban-daban, sunan da ya riga fitowa shi ne a gaba. Ta biyu, kowane suna yana da madogara. Ga nau'i, madogarar ita ce gawar ƙwaro guda da aka adana a gidan tarihin halittu, wadda duk mai shakka zai je ya duba. Ga jinsi kuwa, madogarar nau'i guda ne da aka zaɓa. Ko an kwashe sauran 'yan jinsin an kai wani wuri, sunan jinsin yana nan tare da wannan nau'i.

Ƙwaro ɗaya, ƙaura biyu

A 1831 wani Bafaranshe, Jean Guillaume Audinet-Serville, ya lura cewa wasu ƙwari da ake kawowa Turai daga ƙasashe masu zafi ba su dace da gyare ba, ba su kuma dace da fara ba. Ya kafa musu jinsi ya kira shi Gryllacris. A 1845 wani Bafaranshen, Émile Blanchard, ya ɗaga su zuwa ƙungiya mai zaman kanta, kuma daga nan sunan dangin ya samo asali.

Shekaru da dama bayan haka, kusan duk ɗan dangin da aka samo, ko daga ina yake, Gryllacris ake jefa shi. A 1860 Adolph Gerstaecker, masanin ƙwari a gidan tarihin dabbobi na Balin, ya bayyana wasu sababbin nau'o'i. Ɗaya daga Amurka yake, ya kira shi Gryllacris carolinensis. Wani daga Afirka ta Kudu, ya kira shi Gryllacris glomerina. Tsakanin mazauninsu akwai faɗin Tekun Atlantika, amma a takarda suna ɗaki ɗaya.

Na Amurkan bai daɗe a nan ba. Ya koma jinsin Camptonotus, wanda Philip Uhler ya kafa a 1864, kuma har yau shi kaɗai ne ɗan wannan dangi da ake samu a arewa da Meziko. Ɗan ƙarami ne, bai kai santimita 2 ba, ba shi da fiffike, kuma da dare yana farautar ƙananan ƙwarin da ke tsotse ruwan ganye.

Na Afirkan kuwa sau biyu ya yi ƙaura. A 1888 Carl Brunner von Wattenwyl, wanda ke aiki a Biyana, ya fitar da babban nazari a kan dangin, ya kafa jinsin Eremus domin marasa fiffike. Da yake ƙwaron Gerstaecker ba shi da fiffike, sai ya koma can, sunansa ya zama Eremus glomerinus. Ƙarshen kalmar ta biyu ya sauya ne don ya dace da sabon sunan jinsi bisa nahawun Latin. A farkon ƙarni na 20 wani ɗan Italiya, Achille Griffini, ya ƙara nau'o'i masu yawa a dangin, har Gryllacris ya cika ya batse da ɗaruruwan sunaye.

Wanda ya zo ya rarraba wannan tari shi ne Heinrich Hugo Karny, likita kuma masanin ƙwari ɗan Ostiriya, wanda ya yi shekaru yana aiki a garin da yanzu ake kira Bogor a tsibirin Jaba na Indonesiya. A 1937, saura shekara biyu ya rasu, ya buga aikin da ya kasa dangin cikin jinsi masu yawa. Sunaye irin su Eugryllacris da Phryganogryllacris da Afrogryllacris duk daga hannunsa suka fito. Ya duba Eremus ya ga marasa fiffiken Afirka da na Indiya ba tafiyarsu ɗaya ba. Sai ya bar na Indiya da tsohon suna, ya kafa Glomeremus, ya sa ƙwaron Gerstaecker ya zama madogararsa. Shi ya sa a yau ake rubuta Glomeremus glomerinus (Gerstaecker, 1860), da baka biyu.

Aikin bai tsaya nan ba. Andrei Gorochov a birnin San Fitasbag na Rasha da Sigfrid Ingrisch a Jamus sun ci gaba da gyara jinsunan Asiya. A 2019 Oscar Cadena-Castañeda na ƙasar Kolombiya ya gabatar da tsarin da ya raba dangin zuwa ƙananan dangi biyu, Gryllacridinae da Hyperbaeninae, kowanne da zuriyoyinsa. A wannan tsari ne Glomeremus ya shiga zuriyar Ametroidini tare da wasu jinsunan Afirka. Nau'o'insa kusan 20 ne, suna warwatse a Afirka kudu da Sahara, da tsibirin Sokotra na Yaman, da tsibiran da ke gabas da Madagaska.

Kama da wane ba ta wane

Me ya sa rashin fiffike bai isa ya haɗa jinsi ba? Domin abu ne da ke faruwa sau da yawa a zuriyoyi daban-daban. Ƙwarin da ke zaune a tsibiri mai iska, ko kan dutse mai sanyi, ko cikin rami, sau tari ana samun su da guntun fiffike ko babu gaba ɗaya. Biyu za su iya yin kama ta wannan fuska ba tare da sun haɗa kaka na kusa ba, kamar yadda gyare mai ɗinki da tsutsar siliki suka haɗu a kan zare. Abin da mai rarraba halittu ke nema shi ne siffar da aka gada, ba wadda zama wuri iri ɗaya ya kawo ba.

Saboda haka masana suka koma ga abubuwan da ido ba ya saurin kamawa. Suna duba yadda jijiyoyin fiffike suka rarrabu ga masu fiffike. Suna ƙirga ƙayoyin ƙafa da jerin ƙayoyin da ke yin ƙara. Fiye da komai, suna sa madubin ƙara girma a kan ƙarshen cikin namiji, inda ake samun 'yan ƙugiyoyi da faranti waɗanda siffarsu ta bambanta daga nau'i zuwa nau'i, sannan su duba tsawo da lanƙwasar bututun ƙwan mace. A 'yan shekarun nan an ƙara da gwajin sinadarin gado na DNA. Irin wannan bincike ne ya ƙarfafa raba wasu ƙwari da a da aka cusa cikin Gryllacrididae, irin su gyaren kogo masu doron baya, waɗanda yanzu danginsu daban, Rhaphidophoridae.

Kuskuren yana iya zuwa ta ɗaya gefen ma, a ɗauki abu ɗaya a matsayin biyu. Masana sun daɗe suna ganin wata fara mai zaman kaɗaici da wata mai tafiya tururu a matsayin nau'i biyu, Locusta danica da Locusta migratoria, domin launinsu da siffarsu da halinsu sun sha bamban. A 1921 Boris Uvarov, ɗan Rasha da ya koma Landan, ya nuna cewa ƙwaro ɗaya ne. Cunkoso ne ke sauya masa kama da ɗabi'a. Wannan gano ya canza yadda ake yaƙi da farin dango, domin ya nuna cewa a wuraren da suke hayayyafa ya kamata a sa ido, tun kafin su taru. Uvarov ɗin nan, wanda ya shugabanci cibiyar binciken yaƙi da fara a Landan, shi ne kuma a 1957 ya sa wa wasu nau'o'in Glomeremus na Sokotra suna.

Abin da kyamara ta gani a Riyuniyon

Riyuniyon tsibiri ne a Tekun Indiya, kimanin kilomita 700 gabas da Madagaska, yana ƙarƙashin Faransa. Aman wuta ne ya tayar da shi daga ƙarƙashin teku, kuma dutsensa mafi tsawo ya haura mita 3,000. Bai taɓa haɗuwa da wata nahiya ba, don haka duk abin da ke rayuwa a kansa ta iska ko ta ruwa kakanninsa suka iso.

A dazuzzukansa masu laima akwai furannin okid na jinsin Angraecum. Wannan jinsi ya yi suna tun 1862, lokacin da Charles Darwin ya ga wani nau'insa na Madagaska, Angraecum sesquipedale, mai bututun ruwan zaƙi da ya kai kusan santimita 30. Ya ce lalle akwai wani faɗa-wuta mai harshen da ya kai wannan tsawo. A 1903 aka bayyana ƙwaron. Yawancin 'yan jinsin haka suke, farare, masu ƙamshi da dare, masu dogon bututu, kuma manyan faɗa-wuta ne ke yi musu barbara.

Amma wasu nau'o'i uku na Riyuniyon bututunsu gajere ne mai faɗin baki. Claire Micheneau da Jacques Fournel na Jami'ar Riyuniyon, tare da masanan lambun binciken tsirrai na Kew da ke Landan, sun gano cewa biyu daga ciki wasu 'yan tsuntsaye ne masu farin zobe a ido ke ɗaukar musu garin fure. Na ukun, Angraecum cadetii, da rana ba a ga mai zuwa wurinsa ba, amma yana yin 'ya'ya. Sai suka girka kyamarori masu gani cikin duhu. Hoton ya nuna wani gyare marar fiffike, mai tsawon santimita 2 zuwa 3, yana hawa ganye, ya cusa kai cikin furen ya sha ruwan zaƙi, ya fito da ƙunshin garin fure manne a kansa, ya wuce zuwa fure na gaba. Girman kansa ya yi daidai da bakin furen.

An buga labarin a mujallar Annals of Botany a farkon 2010. Wannan ne karo na farko da aka tabbatar da cewa wani ɗan rukunin Orthoptera, rukunin da aka fi sani da cinye tsiro, shi ne ke yi wa wani fure barbara a kai a kai.

Tambayar da ta biyo baya ita ce, wane ne wannan ƙwaro? A nan aikin rarrabawa ya shigo. Sylvain Hugel, masanin ƙwari daga birnin Sitarasbug na Faransa, ya duba shi mataki-mataki. Babu dodon kunne a ƙwauri, tafin ƙafa gaɓa huɗu masu faɗi, ga ƙayoyin ƙara a gefen ciki: ɗan Gryllacrididae ne. Sauran siffofinsa suka kai shi jinsin da Karny ya kafa shekara 73 da suka gabata. Da aka gwada shi da nau'o'in da aka sani, bai dace da ko ɗaya ba. A shekarar dai aka sa masa suna Glomeremus orchidophilus, wato mai son okid, aka kuma bayyana wani makusancinsa daga tsibirin Morishos, Glomeremus paraorchidophilus. A 2011 wata cibiya a Jami'ar Jihar Arizona ta Amurka ta sa na Riyuniyon cikin sababbin halittu goma mafi ɗaukar hankali na shekarar da ta gabata.

Sanin danginsa ya ba masanan haske nan take. Tunda an riga an san 'yan wannan dangi suna gane hanyar komawa ɗakinsu kowane dare, sai aka kawo hasashen cewa irin wannan basira tana iya taimaka masa ya sake samun furannin da ya taɓa ziyarta. Sanin jinsinsa kuma ya nuna inda za a nemi asalinsa, wato ɓangaren Afirka. Ga masu kula da gandun dajin ƙasa na Riyuniyon, wanda aka kafa a 2007 kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren gado na duniya a 2010, sakamakon ya nuna cewa kare furen ya haɗa da kare ƙwaron da ke ɗaukar masa gari.

Yau duk wani sabon suna ko sauyin matsayi a wannan rukuni ana shigar da shi a wani kundi na intanet mai suna Orthoptera Species File, inda mai bincike a Kano ko Yamai ko Bogota zai ga sunan da ke aiki, da tsofaffin sunayen da aka ajiye, da gidan tarihin da madogarar kowane nau'i take.

Ma'anar wasu kalmomi

Nau'i: ƙungiyar halittu da ke iya barbara da juna su haifi 'ya'ya masu haihuwa.
Jinsi: tarin nau'o'i makusanta da ke amsa sunan farko ɗaya.
Zuriya: mataki tsakanin jinsi da ƙaramin dangi.
Dangi: tarin jinsuna masu asali ɗaya.
Madogara: gawar ƙwaro ko nau'in da suna ya rataya a kansa.
Barbarar fure: kai garin fure daga ɓangaren namiji zuwa na mace don tsiro ya yi iri.
Niyuton: ma'aunin ƙarfi, niyuton 10 ya yi kusan nauyin kilo guda.

Tambayoyi

1. Waɗanne siffofi uku ne suka raba gyare mai ɗinki da gyaren gida?
2. Ta yaya ake bambance 'yan Caelifera da 'yan Ensifera?
3. Me baka biyu ke nunawa a cikin sunan Glomeremus glomerinus (Gerstaecker, 1860)?
4. Waɗanne jinsuna uku ne wannan ƙwaro ya zauna a ciki, kuma a waɗanne shekaru aka kafa kowanne?
5. Me ya sa rashin fiffike bai isa hujjar haɗa ƙwari a jinsi ɗaya ba?
6. Wane kuskure Uvarov ya gyara a 1921, kuma me gyaran ya amfana wa manoma?
7. Daga ƙarshen sunayensu, a wane mataki Tettigoniidae da Hyperbaeninae da Gryllacridini suke?

Aikin gida

Kowane ɗalibi ya samo fara guda da gyare guda, ya sa su a kwalba mai huji. Ya gwada tsawon ƙahon kowanne da tsawon jikinsa, ya duba ko akwai dogon bututun ƙwai a ƙarshen ciki, ya nemi inda dodon kunne yake, sannan ya rubuta abin da ya gani a layi biyu, ɗaya na fara, ɗaya na gyare. A zama na gaba ɗalibai za su haɗa sakamakonsu, su tantance ƙaramin rukunin da kowane ƙwaro ya faɗa.